Oak Park: Garin da 'Ya'yansa Suka Gudu, Baƙonsa Ya Ƙi Tashi

Wanda ya hau jirgin ƙasa daga tsakiyar birnin Shikago ya nufi yamma, kafin ya cika tafiyar kilomita 15 zai tsallake wani titi da ake kira Austin. Da ya tsallake shi, ya bar Shikago ke nan, ya shiga Oak Park, wani ɗan gari a jihar Illinois ta Amurka wanda a ƙidayar 2020 mutanensa ba su kai dubu 55 ba. Irin garuruwan nan ne na bakin birni, da ake tashi da safe a tafi nema cikin gari, da yamma a dawo a kwana. Amma duk ƙanƙantarsa, baƙi daga ƙasashe da yawa suna zuwa yawon buɗe ido cikinsa, saboda sunayen waɗansu mutane da suka taɓa zama a wurin. Uku ne suka fi fice: Frank Lloyd Wright mai zanen gine-gine, Ernest Hemingway marubuci, da Percy Julian masanin kimiyyar haɗa magunguna. Biyun farko garin ya karɓe su hannu bibbiyu, suka fice ransu a ɓace, ba su ƙara zama cikinsa ba. Na ukun kuwa da fetur da nakiya aka tarbe shi, ya ce ba inda za shi. A ganina shi ne ya fi dukansu sauya garin, ko da yake sunansa ne ya fi ƙarancin jawo baƙi.

Ƙasar asalinta ta mutanen Potawatomi ce, ɗaya daga cikin ƙabilun da Turawa suka tarar a Amurka. A 1833 aka sa shugabanninsu hannu a wata yarjejeniya a Shikago, aka kora su yamma. Ba a daɗe ba wani Bature daga Yorkshire ta Ingila, Joseph Kettlestrings, da matarsa Betty suka kafa gida a kan wani tudu mai itatuwa, a 1837 kuma ya sayi eka 173 daga hannun gwamnati. A 1848 layin dogo na farko da ya fita daga Shikago ya ratsa ta wurin. Kettlestrings ya riƙa yanka filinsa yana sayarwa, amma yana zaɓen masu saye: masu son coci da makaranta, waɗanda ba ruwansu da gidan giya. Abin da ya cika garin da mutane shi ne gobarar Shikago ta watan Oktoba 1871, wadda ta bar mutum wajen dubu 100 ba matsuguni. Masu hali da yawa suka tsorata da cunkoson birni, suka fito bayan gari suka gina manyan gidaje. A 1902 Oak Park ta ɓalle daga gundumar Cicero ta zama gari mai cin gashin kansa, kuma dokar hana sayar da giya ta ci gaba da aiki a cikinta har 1973. Mutanen Shikago kan ce, inda ka ga mashaya ta ƙare, hasumiyar coci ta fara, to ka iso Oak Park. Gari ne na likitoci da 'yan kasuwa da limaman coci, masu tsantseni, masu sa ido a kan maƙwabci.

Cikin wannan gari ne wani saurayi ɗan shekara 22 ya sauka a 1889 da amaryarsa Catherine Tobin. Frank Lloyd Wright a lokacin yaron gida ne a ofishin Louis Sullivan, babban mai zanen gini a Shikago, kuma a wurin maigidan nasa ya ranci dala 5,000 ya sayi fili ya gina gida. Bashi da iyali suka yi masa yawa, don 'ya'ya shida ya haifa a gidan, ga shi mutum mai hannu sake. Sai ya shiga zana wa maƙwabta gidaje a ɓoye da dare, abin da yarjejeniyar aikinsa ta hana. Waɗansu daga cikin gidajen nan suna nan tsaye a titi ɗaya da nasa. Da Sullivan ya gane, suka rabu a 1893, Wright ya buɗe nasa ofishin, a 1898 kuma ya gina ɗakin aiki manne da gidansa. Akwai wata bishiya a inda hanyar da ta haɗa gidan da ɗakin aikin za ta bi, bai sare ta ba, ya kewaye ta da gini, ta fito ta cikin rufi.

Gidajen masu kuɗi na wancan zamani dogaye ne, masu tsinin rufi, an yanyanka cikinsu ƙananan ɗakuna, kowanne da ƙofarsa. Wright ya dubi ƙasar yankin, shimfiɗaɗɗiya har iya ganin ido, ya ce gida ya kamata ya kwanta tare da ita. Sai ya riƙa zana gidaje masu faɗi, gajeru, da rufi mai miƙewa nesa da bango, tagogi a jere a sama ta yadda na ciki zai ga waje, na waje ba zai gan shi ba, da murhu a tsakiya wanda ɗakuna ke kewayewa ba tare da bango ya raba su ba. Sau da yawa sai mutum ya zagaya kafin ya gano ƙofar shiga. Maƙwabta da yawa sun ga abin baƙo ne, amma waɗansu suka ba shi aiki, har ya bar gine-gine kusan 25 a garin. A ɗakin aikinsa ne Marion Mahony ta yi aiki, ɗaya daga cikin matan farko da aka ba lasisin zanen gini a Amurka, kuma da hannunta aka zana da yawa daga cikin hotunan da suka fito da sunan Wright a duniya. Ita da mijinta Walter Burley Griffin, wanda shi ma a nan ya yi aiki, su ne suka ci gasar tsara Kanbera, babban birnin Ostareliya, a 1912.

A 1905 tsawa ta faɗa wa cocin da Wright yake zuwa, ya ƙone ƙurmus. Jama'ar cocin ba su da kuɗi da yawa, dala dubu 45 suka ware. Ya ce musu a zuba shi da kankare, abin da a lokacin ake ganin na masana'anta ne da gada, bai dace da ɗakin ibada ba. Bai yi masa hasumiya ba. Tun da yana bakin babban titi mai hayaniya, ya toshe bangayen ƙasa, ya shigo da haske ta sama ta gilasai masu ruwan zuma, ya jera kujeru hawa-hawa a gefe uku ta yadda babu wanda ya yi nisa da mai wa'azi, kuma kowa na ganin fuskar ɗan'uwansa. An gama shi a 1908. Wannan gini, Unity Temple, yana cikin ayyukan Wright takwas da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2019.

Shekara guda bayan gama cocin, Wright ya yi abin da garin bai yafe masa ba har tsawon zamani. A 1909 ya bar matarsa da 'ya'yansa shida ya tafi Turai da Mamah Cheney, matar wani maƙwabci da ya zana wa gida. Jaridun Shikago suka samu abin rubutawa, limamai suka hau mumbari. Da suka dawo bai iya zama a Oak Park ba, sai ya gina gida a Wisconsin, ƙasar kakanninsa. A can, ranar 15 ga Agusta 1914, wani mai aikin gidan ya sa wa gidan wuta, ya kashe mutum bakwai da gatari, cikinsu har da Mamah da 'ya'yanta biyu. Gidansa na Oak Park kuwa an raba shi an zuba 'yan haya, ya lalace a hankali, sai a 1974, shekara 15 bayan mutuwarsa, aka fara gyara shi don a mai da shi yadda yake a 1909. Ban ga laifin garin ba da ya ƙi abin da Wright ya yi wa iyalinsa, don zalunci ne a fili, kuma Catherine ce ta sha wahalarsa. Abin da nake lura da shi kawai shi ne, shekarar da aka zaɓa a daskarar da gidan a kanta, ita ce shekarar da mai gidan ya sa ƙafa ya fice.

Lokacin da ake wannan badaƙala, akwai wani yaro ɗan shekara goma da ke zaune 'yan layuka kaɗan daga ɗakin aikin Wright. An haifi Ernest Hemingway ranar 21 ga Yuli 1899 a gidan kakansa na wajen uwa. Mahaifinsa Clarence likita ne, mai tsananin riƙon addini, wanda ba ya shan giya, ba ya zagi. Mahaifiyarsa Grace ta yi karatun waƙa, ta so zama mawaƙiya a dandali, amma ta dawo gida ta yi aure, ta riƙa koyar da kiɗa, har akwai lokacin da abin da take samu ya fi na mijinta. Ita ta tsara sabon gidan da suka koma a 1906, da babban ɗakin kiɗa a cikinsa, ta kuma tilasta wa Ernest koyon kaɗa wani babban goge. Kowace bazara iyalin kan tafi bakin wani tafki a arewacin Michigan, inda uban ya koya masa harbi da kamun kifi. A makarantar sakandaren garin ya fara rubutu, a jaridar ɗalibai da mujallarsu, kuma makarantar ta ba shi horo mai kyau a adabi, wanda shi ne iyakar karatunsa, don bai je jami'a ba.

Da ya gama a 1917 ya tafi aikin jarida a Kansas City, daga nan ya shiga aikin tuƙa motar ɗaukar masu rauni a Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar 8 ga Yuli 1918, yana raba wa sojoji cakulan da taba a bakin daga, harsashin igwa ya fashe kusa da shi, ɓaraguzai suka cika masa ƙafafu. A farkon 1919 ya dawo gida yana dogara sanda, da alkyabbar sojan Italiya a kafaɗa, aka gayyace shi tsohuwar makarantarsa ya ba da labarin yaƙi, ya nuna wa ɗalibai wandonsa da ya huhhuje. Wannan ne lokaci na ƙarshe da shi da garin suka yi ɗasawa. Da littattafansa suka fara fitowa daga Faransa, iyayensa suka ji kunyarsu. Uban ya mayar wa mawallafi kofen da aka aiko masa na wani ƙaramin littafinsa na farko, uwar kuma ta rubuta masa wasiƙa tana cewa littafinsa na 1926 yana cikin mafi ƙazantar abin da aka buga a shekarar. A watan Disamba 1928 likita Clarence, wanda ciwon sukari da na zuciya da asarar kuɗi a cinikin filaye suka taru suka yi masa yawa, ya harbe kansa a ɗakinsa da tsohuwar bindigar mahaifinsa. Ernest ya zo jana'iza, ya ɗora wa uwarsa laifi, kuma da ita ta rasu a 1951 bai zo ba.

Akwai wata magana da ake yawan jingina masa, wai ya ce Oak Park gari ne mai faɗin ƙofar gida da ƙuncin tunani. Masu binciken tarihinsa ba su same ta a rubuce cikin takardunsa ba. Shirun da ya yi ya fi wannan magana nauyi. Mutumin da ya rubuta Michigan da Faris da Sifen da Kuba da dazukan Kenya da Tanganyika, kusan bai taɓa ɗora labari a kan garin da ya yi shekara 18 na farkon rayuwarsa ba. A Janairu 1954 jirgin sama ya faɗi da shi sau biyu a jere a Uganda, har jaridu suka buga labarin mutuwarsa. A shekarar ya samu kyautar Nobel, bai iya zuwa karɓa ba saboda jinya. A 1961 ya kashe kansa a Idaho kamar yadda ubansa ya yi. Sai a 1983 mutanen Oak Park suka kafa gidauniya da sunansa, suka sayi gidan da aka haife shi a 1992, suka mai da shi gidan tarihi.

Akwai waɗansu da garin ke lissafawa. Ray Kroc, wanda ya baza shagunan McDonald's a duniya, a nan aka haife shi a 1902. Edgar Rice Burroughs ya zauna a garin daga 1914 zuwa 1919, inda ya rubuta da dama daga cikin littattafan Tarzan, labarin ɗan Baturen da birai suka rena ya zama sarkin dajin Afirka. Burroughs bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. Daga kan teburinsa a wannan gari mai tsit ya ƙirƙiro wata nahiya ta kurmi da mutane marasa wayo, fina-finai suka ɗauke ta suka kai ko'ina, kuma har yau 'yan Afirka na fama da hoton da ya bari a kawunan mutane.

A shekarar da aka haifi Hemingway, wata uku kafin shi, aka haifi Percy Julian a Montgomery ta jihar Alabama, jikan bayi. A garinsu babu sakandaren gwamnati ta baƙar fata, don haka da ya shiga Jami'ar DePauw a Indiana a 1916, sai da ya haɗa karatun jami'a da na sakandare a lokaci guda, yana kwana a ɗakin saman wani gidan ɗalibai, yana yi musu hidimar abinci. A 1920 shi ya zo na ɗaya a ajinsu. Ya yi digiri na biyu a Harvard, na uku kuma a Vienna ta Ostiriya a 1931. A 1935, bayan ya koma DePauw, shi da abokin aikinsa Josef Pikl suka haɗa a ɗakin gwaji sinadarin da ke cikin waken Kalaba, wannan wake mai dafi na kudancin Nijeriya da a da ake ba wanda ake zargi ya ci don a gane gaskiyarsa, wanda likitoci ke amfani da shi wajen maganin hawan jinin ido. Wani babban farfesa na Oxford, Robert Robinson, yana kan wannan bincike, Julian ya fito fili ya ce sakamakon farfesan kuskure ne, kuma shi ke da gaskiya. Duk da haka DePauw ta ƙi ba shi kujerar koyarwa ta dindindin. Wata cibiyar bincike a garin Appleton na Wisconsin ta so ɗaukarsa, aka tarar garin ba ya yarda baƙar fata ya kwana a cikinsa.

Kamfanin Glidden na Shikago, mai yin fenti, shi ya ɗauke shi a 1936 ya shugabanci sashen binciken waken suya. A 1939 aka kira shi a gigice, ruwa ya yoyo cikin wani ƙaton tankin man waken, wani farin abu ya taru a gindinsa, ana ganin an yi asara. Julian ya duba ya gane cewa farin abin nan shi ne sinadarin da ake nema ido rufe don haɗa magungunan homon, waɗanda a lokacin daga jikin dabbobi ake tatso su ɗan kaɗan da tsada. Daga nan ya samo hanyar yin su da yawa, ciki har da wanda ake ba mata masu fama da ɓari. Daga furotin ɗin waken da sashensa ke fitarwa aka yi kumfar kashe gobarar mai da sojan ruwan Amurka suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1949 kuma ya fito da hanyar da ta taimaka wajen sauko da farashin kotizon, maganin ciwon gaɓɓai.

Wannan mutum ne, da matarsa Anna, wadda ita ma ke da digirin digirgir a ilimin zamantakewa daga Jami'ar Pennsylvania, suka sayi gida a Oak Park a 1950. Akan ce su ne baƙar fata na farko a garin, amma ba haka ba ne. Tun farkon ƙarni akwai 'yan tsirarun baƙar fata, mafi yawansu masu aikin gida da dako, har da cocinsu da suka gina a 1905, wanda gobara ta ci a 1929, jama'arsa suka watse. Abin da garin bai saba gani ba shi ne baƙin mutum mai kuɗi da ilimi ya sayi babban gida a unguwar manya. A ƙarshen Nuwamba 1950, ana cikin gyaran gidan, ba su ma tare ba, waɗansu suka fasa suka shiga, suka yayyafa fetur, suka jefa wuta. Allah ya sa ba ta kama sosai ba. Julian ya ɗauki masu gadi, ya kwashe iyalinsa ya tare. A watan Yuni 1951 aka jefo nakiya daga cikin mota, ta fashe a kusa da tagar ɗakin 'ya'yansa, iyayen ba sa gida. Ɗansa ya ba da labari daga baya cewa akwai daren da shi da mahaifinsa suka hau bishiyar ƙofar gida da bindiga suna gadi. Masanin da ƙasa ke alfahari da shi, mai shekara 52, a kan reshe cikin duhu yana tsaron 'ya'yansa.

Wata guda bayan haka, a Cicero mai maƙwabtaka da su, dubban Turawa suka far wa wani gidan haya saboda wani direban bas baƙar fata, tsohon soja, Harvey Clark, ya kama ɗaki a ciki. Suka watso kayansa ta taga suka ƙone, sai da gwamna Adlai Stevenson ya turo dakarun jiha. Clark bai samu zama ba. A Oak Park abin ya bi wata hanya dabam. Waɗansu maƙwabta da limaman coci suka ji kunya, suka rubuta a jarida suna Allah wadai, suka kafa ƙungiyar mara wa iyalin baya. Ba dukan garin ba ne, kuma wasiƙun barazana sun ci gaba da zuwa shekaru. Amma zaman da Julian ya yi ya tilasta wa mutanen da ke cika coci kowace Lahadi su tambayi kansu wane irin gari suke so. Shi kuwa ya ci gaba da harkarsa: ya kafa kamfaninsa na magunguna, ya sayar da shi a 1961 kan sama da dala miliyan 2, ya riƙa tara kuɗi wa masu fafutukar 'yancin baƙar fata, a 1973 aka zaɓe shi cikin majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka. Yana mazaunin Oak Park har ya rasu a 1975.

Jarrabawar gaske ta zo ne a ƙarshen shekarun 1960. A unguwar Austin ta Shikago, tsallaken titi kawai, dillalan gidaje sun gano hanyar cin riba: su sayar wa baƙar fata gida ɗaya a layi, su bi sauran Turawa ƙofa-ƙofa suna tsorata su cewa darajar gidajensu za ta faɗi, su saye da arha, su sayar wa baƙar fata da tsada. Cikin 'yan shekaru Turawa suka kwashe, bankuna da shaguna suka bi su, unguwar ta shiga halin ƙunci. Kowa ya ɗauka Oak Park ce ta gaba, ko dai ta rufe ƙofa irin ta Cicero, ko ta watse irin ta Austin. A 1968, makonni bayan kisan jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata Martin Luther King, majalisar garin ta kafa dokar hana wariya wajen sayarwa da hayar gida, duk da adawa mai zafi. A 1972 wata mata 'yar garin, Roberta Raymond, ta buɗe cibiyar da ke taimaka wa masu neman haya, tana nuna wa Turawa gidaje a ɓangaren da ke kusa da Austin, baƙar fata kuma a sauran sassan, don kada garin ya rabu gida biyu. Aka hana kafa allunan tallar sayar da gida a ƙofa, saboda da su dillalai ke yaɗa tsoro. A 1978 garin ya fito da wani inshora, yana yi wa mai gida alkawarin cika masa mafi yawan asararsa idan darajar gidansa ta faɗi.

Dabarun nan sun sha suka, har daga baƙar fata da ke ganin cewa ana ƙididdige su ne ana rarraba su don hankalin Turawa ya kwanta, kuma akwai gaskiya a cikin sukar. Tsadar gida da haraji ma sun zama wani shinge da doka ba ta taɓa ba, kuma a makarantar sakandaren da Hemingway ya yi, har yanzu ana muhawara kan tazarar sakamako tsakanin 'ya'yan Turawa da na baƙar fata. Amma a 1970 baƙar fata ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen garin ba, yau sun kusa kashi 20, kuma Turawa ba su gudu ba, abin da garuruwan bakin birni kaɗan ne a Amurka suka iya. A 1985 aka sauya wa ɗaya daga cikin makarantun garin suna zuwa na Percy Julian, shekara 35 bayan daren da aka zuba fetur a gidansa.